Yadda ake fitar da tsaftataccen hoton kayan adon gem domin wiki

Masu buga PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile da Free Fire a garin nan na Kano sun san kuɗin da ke tafiya a kan sikin: riga, hular kwano, jakar goyo, fentin bindiga, har motar da ake shiga. A yawancin wasanni ado ne zalla, ba ya ƙara wa harsashi komai, ko da yake a Free Fire wasu fentin bindiga na taɓa ƙarfinta. Kafin mutum ya zuba kuɗin cikin gem, wato UC ko CP ko daimon, yana so ya ga kayan da kyau, kuma a wiki yake zuwa dubawa, wato shafukan da 'yan wasa ke rubutawa da kansu a kan Fandom ko wiki.gg da makamantansu. Hoton da zai tarar a can, wani ne ya zauna ya yi shi kyauta.

Abin da ya kamata ya zauna maka tun farko shi ne hoton wiki daban yake da wanda kake sawa a sitatus. Na sitatus don burgewa ake yinsa, a ƙara masa launi, a sa masa wuta a baya, a rubuta laƙabi a ƙasa. Na wiki shaida ne. Aikinsa ya nuna kayan yadda yake a cikin gem, da launinsa na gaskiya, a tsayuwar da aka tsayar da sauran 'yan'uwansa, ta yadda in an jera huluna 40 a shafi guda mai karatu zai iya kwatanta su ido da ido. Duk matakan da ke tafe daga nan suka samo tushe.

Kafin ka kunna gem

Buɗe wikin da kake son taimakawa, ka nemi shafin ƙa'idojin hotuna. Manyan wiki suna da shi, kuma a nan za ka ga girman da suke so, gefen da kaya zai fuskanta, da tsarin sa wa fayil suna. In babu, ka buɗe hotuna biyar ko shida na irin kayan da za ka yi, ka dubi shafin kowane fayil. Faɗi da tsawo nawa ne? Bakin bindiga hagu yake kallo ko dama? Riga a jikin mutum take ko ita kaɗai? Abin da ka tarar shi za ka bi, ko da a ranka kana ganin da an juya ta ɗaya gefen ta fi kyau. In kana da shawara, akwai shafin tattaunawa, can ake kai ta.

Sai batun haƙƙin mallaka, wanda mutane da yawa ke tsallakewa. Zanen kayan na kamfanin gem ne. Ɗaukar sikirinshot da wahalar gogewa ba su mayar da shi naka ba. Wikin wasanni suna ajiye irin waɗannan hotuna ne da alamar da ke cewa mallakar kamfani ne, ana amfani da su don bayani. Wikimedia Commons, inda Wikipedia ta Hausa ke ɗebo hotunanta, ba ta karɓar irin wannan, kuma in ka ɗora a can ka ce aikinka ne, share shi za a yi. Haka kuma ka nisanci gurɓataccen APK, wato fayil ɗin sa manhaja a Android, da ake yaɗawa a guruf wai yana buɗe duk sikin kyauta. PUBG Mobile na rufe akawun har na shekara 10 a kan irin wannan, ga shi kuma ba ka da tabbacin abin da ya nuna maka shi ne ainihin kayan.

Ba dole sai ka mallaki kayan ba. Shagon cikin gem da akwatunan sa'a galibi suna barinka ka danna abu ka gan shi, ka juya shi, ba tare da ka biya ko sisi ba. Wanda ya riga ya fita daga shago kuwa, nemi abokin da yake da shi, ku zauna tare ya buɗe a wayarsa. Ba sai ka roƙi lambar sirrinsa ba, hakan ba ya ƙarewa da daɗi tsakanin abokai.

Kayan aiki

Waya mafi kyawun fuska da za ka iya samu. Ƙananan wayoyi da dama fiksel 720 a 1600 gare su, matsakaita kuma 1080 a 2400, kuma bambancin a fili yake idan aka zo kan ƙananan zane irin rubutun jikin bindiga. In taka ƙarama ce, ara ta wani na rabin awa ya fi duk wata dabarar gyara da za ka yi daga baya.

Kwamfuta ba dole ba ce, amma tana rage wahala sosai. Ko tsohuwar laftof ta isa GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta wadda sigarta ta 3.0 ta fito a 2025. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya buɗe Photopea a burauzar waya, ko ya sauke ibisPaint X, dukkansu suna aiki da leya, wato shimfiɗun hoto da ake ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma suna fitar da fayil ɗin hoto na PNG marar bango. Linzamin kwamfuta na hannu ya fi allon shafawa na laftof nesa ba kusa ba wajen bin gefen abu.

Sai kebul. Idan ka je kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut Road, ka faɗi abin da kake so baro-baro: "Malam, kebul mai ɗaukar data nake so, ba na caji kaɗai ba." Da yawa daga cikin masu arha caji kawai suke yi, ka jona waya da kwamfuta ka ga shiru. In da hali ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka.

Saitin gem

Fara da sauke duk kayan gem ɗin. PUBG Mobile da Call of Duty: Mobile suna raba manyan fayilolin zane daban don rage nauyi, kuma wanda bai sauke su ba yana ganin kaya a dusashe, wani lokacin ma rigar asali ake nuna masa a madadin wadda ya danna. Suna cin data ba kaɗan ba, don haka a bari sai dare a yi da datar dare, ko inda aka samu waifai.

Daga nan shiga saitin zane ka kai ingancinsa ƙololuwar da wayar ta yarda. A PUBG Mobile matakan sun haɗa da Smooth, Balanced, HD, HDR da Ultra HD. Na san yawancinmu a Smooth muke wasa don gudun sanƙarewa a tsakiyar faɗa, amma yau ba faɗa za ka yi ba, saurin motsi ba ya cikin lissafi. Kunna Anti-aliasing, saitin da ke goge haƙoran zarto a gefen abubuwa. Kashe wanda ke rage inganci da kansa idan waya ta ɗau zafi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a Kano musamman, domin a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, waya ta yi zau cikin ƴan mintuna, gem ya sauke inganci a ɓoye, kai kuma kana ta ɗauka ba ka lura ba. Cire mata riga, kada ka yi aikin tana caji, kuma in ta yi zafi ka ajiye ta ta huce. Da asuba ko bayan isha'i aikin ya fi tafiya.

Akwai kuma salon launi. PUBG Mobile na da Classic, Colorful, Realistic, Soft da Movie, kowanne yana sauya yadda launi ke fita. Bar shi a Classic sai in wikin ya ce wani abu daban. Colorful na da daɗin kallo, amma jan da yake nunawa ba shi ne jan da mai zanen ya sa ba.

Masu kwamfuta mai ƙarfi suna da ƙarin hanya. GameLoop na Tencent yana buɗe waɗannan wasanni na waya a kan babban allo. A wasannin kwamfuta kuma, DSR na Nvidia ko VSR na AMD suna sa gem ya zana hoto da fiksel fiye da na allonka, in ka rage girmansa daga baya gefuna su fito sumul. Kashe dusashewar motsi da dusashewar nesa da duk abin da ke sa hoto ya yi kamar fim. Kashe HDR na Windows ma, yakan sa sikirinshot ya fito fari-fari kamar an wanke shi.

Rubuta saitin nan a takarda ko a wayarka. Wata uku nan gaba za ka dawo yin wani kayan, kuma dole ya dace da na yau.

Haske, tsayuwa, da ɗauka

Mai sayen shadda a Kantin Kwari ba ya yarda da launin da ya gani a ƙarƙashin ƙwan shago, sai ya jawo ta bakin ƙofa ya gani a hasken rana. Haka za ka yi da sikin. Zauren jira na gem sau da yawa yana da fitilu masu launi, shuɗi a wannan kaka, ruwan goro a ta gaba, kuma hasken yana zuba a jikin kayan. Farar riga a zaure mai shuɗin haske shuɗiya za ta fito, kuma bayan ka cire bango babu wanda zai san dalili, za a ɗauka haka take. Nemi wurin da haskensa ya fi zama fari kuma bangonsa ba shi da tarkace: shafin ma'ajiyar kaya, shafin duba makami, ko zaure na asali idan gem ya bari a sauya. Wuri guda za ka riƙe wa duk jerin.

Tuɓe wa ɗan wasan, wato mutumin cikin gem da ke sanye da kayan, duk abin da ba shi ake nunawa ba. In hula ce, babu tabarau, babu abin rufe fuska, gashi na asali. In riga ce, a sauke jakar goyo da sulke. Juya shi zuwa tsayuwar da wikin ke bi, yawanci tsakanin gaba da gefe, domin a nan ake ganin fuska da kauri a lokaci guda. Bindiga kuma a kwance, a ga tsawonta gaba ɗaya. Matso da kayan ya cika fuskar waya gwargwadon iko, amma kada ko ƙarshen gashin tsuntsun da ke kan hula ya fita daga allo. Abin da allo ya yanke ya tafi ke nan.

Dabarar maimaita tsayuwa iri ɗaya a waya mai sauƙi ce. Nemi wata alama da ba ta motsi a allon, kamar gefen wani maɓalli, ka lura da inda kafaɗa ko bakin bindiga ya tsaya daidai da ita. Kowane kaya na gaba a nan za ka tsayar da shi.

'Yan wasan gem ba sa tsayawa cak. Suna numfashi, suna gyara tsayuwa, wasu sikin kuma suna da walƙiya ko hayaƙi da ke zagayawa, kamar ƙanƙarar bindigar M416 Glacier da kowa ya sani. Don haka kar ka ɗauki ɗaya ka tashi. Ɗauki da yawa a jere, ka zaɓi wanda hannu bai rufe komai ba kuma walƙiyar ta fito daidai. Wasu na ɗaukar bidiyo su ciro hoto daga ciki. Ban ba da wannan shawara ba, bidiyo yana matse hoto, ƙananan zane su narke.

Duba irin fayil ɗin da wayarka ke ajiyewa. iPhone PNG take yi. Wasu wayoyin Android JPG suke yi, kuma a Samsung ana iya sauyawa zuwa PNG a saitin sikirinshot. JPG yana zubar da wani ɓangare na bayanin hoto don ya rage nauyi, ya bar ɗigo-ɗigo a gefen abubuwa, daidai wurin da za ka yanka. In wayar ba ta ba da zaɓi ba, kebul ɗin nan zai yi amfani. Shiga bayanin waya, danna Build number sau 7, sashen Developer options zai buɗe, ka kunna USB debugging. Sauke adb, manhajar ba wayar Android umarni, a kwamfuta, ka jona waya, ka rubuta wannan a tagar umarni:

adb exec-out screencap -p > hula.png

Hoton fuskar wayar zai faɗo kwamfuta a matsayin PNG, kuma ba ka taɓa wayar ba balle yatsa ya juya kayan. Manhajar scrcpy, ita ma kyauta, tana nuna fuskar wayar a kwamfuta, kana gani kana ɗauka. In ka gama ka kashe USB debugging, musamman in kana kai waya wurin masu caji.

A Steam, manhajar wasannin kwamfuta, maɓallin F12 JPG yake ajiyewa sai ka shiga saiti ka ce ya riƙa ajiye kwafin da ba a matse ba. Maɓallin Windows tare da PrtScn yana ajiye PNG kai tsaye.

In a wayar aboki aka ɗauka, kada ya turo ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi za a yi. Ya turo a matsayin Document, ko ta Xender, ko ta kebul.

Cire bango

Nan ne aikin yake, kuma hanya biyu ce. Ta farko ta hannu ce, ita ce ta masu wasannin waya tunda ba a ba su ikon sauya bango yadda suke so.

Buɗe hoton a GIMP. Je Layer, Transparency, Add Alpha Channel, domin in ba haka ba duk abin da ka goge fari zai koma maimakon wayam. Kwafi leyar ka ɓoye ta asali, don gudun ɓacin rana. Zuƙo hoton zuwa kashi 400 cikin ɗari, ka danna B don ɗaukar Paths. Bi gefen kayan kana sa ɗigo, kana jan hannayen ɗigon don layi ya lanƙwasa. Sabon shiga yakan cika ɗigo kamar yana ɗinki, sai gefen ya fito da gargada. Ɗigo kaɗan, a inda layi ya sauya hanya, shi ke ba da lanƙwasa mai kyau. Ka riƙa bi ta ɗan ciki, kamar rabin fiksel, domin fiksel na ƙarshe a gefen kowane abu gauraye yake da launin bango. In ka zagayo ka rufe, ka mayar da layin zaɓi, ka sa Feather na rabin fiksel zuwa ɗaya, kar ya wuce haka. Sannan ka ƙara Layer Mask, wato mayafin leya, daga zaɓin.

Dalilin amfani da wannan mayafi maimakon magogi shi ne ba ya share komai, rufewa yake yi. Inda ka shafa baƙi a kansa ya ɓuya, inda ka shafa fari ya dawo. In ka yanke kunnen hula bisa kuskure, farin buroshi zai dawo da shi ko bayan kwana uku. Kar ka manta ramukan ciki: zoben kunamar bindiga, tsakanin hannu da jiki, ƙarƙashin igiyar jaka. Nan ake gane aikin gaggawa.

Fuzzy Select da Color to Alpha suna da sauri, kuma suna aiki in bangon launi ɗaya ne da babu shi a jikin kayan. Sai dai Color to Alpha ba ya tambaya, duk inda ya ga launin zai cinye, har a tsakiyar rigar. Manhajojin da ke cire bango da dannawa ɗaya kuwa, an horar da su ne a kan hotunan mutane da kayan talla. Sukan cinye siririn bakin bindiga, su bar hazo a gefen gashi, wasu su rage girman hoton sai ka biya. A fara da su a gyara da hannu, babu laifi. A ɗora abin da suka fitar kai tsaye, a'a.

Hanya ta biyu ta fi kyau nesa, amma sai inda za ka iya sauya launin bango kuma kayan ya tsaya cak. Masu wikin Team Fortress 2, wasan Valve na 2007 da ya fara raba huluna a 2009, sun daɗe suna aiki da manhajar duba samfuri ta HLMV da ke cikin jakar bin ta wasan, inda ake zaɓar launin bango. Dabarar ita ce a ɗauki hoto biyu ba tare da an motsa komai ba, ɗaya a kan baƙi ƙirin, ɗaya a kan fari fat.

Ga abin da ke faruwa. Duk wurin da kayan yake da kauri, launinsa ɗaya ne a hotunan biyu. Wurin da babu komai, a ɗaya 0 ne, wato baƙi a ma'aunin launi, a ɗayan 255, wato fari. Wurin da yake shara-shara, kamar gilashin tabarau ko hayaƙi ko gefen gashi, yana tsakani, kuma girman bambancin shi ke faɗa maka yawan bangon da ke ratsowa. Ɗauki jan gilashi mai ƙarfin ja 200 wanda rabin haske ke ratsa shi. A kan baƙi zai ba da 100. A kan fari zai ba da kusan 228, wato 100 ɗin da rabin 255. Bambancinsu 128, rabin 255 ke nan, ka gano rabi ne. Raba 100 da rabi, 200 ta dawo. Da hannu ba za ka taɓa fitar da wannan ba, sai dai ka bar gilashin da launin bango a ciki.

A GIMP, buɗe na baƙin, ka shigo da na farin ta Open as Layers ya hau kansa. Sa yanayin leyar sama a Difference, kuma ka zaɓi na rukunin Legacy, domin shi ke lissafi da lambobin yadda suke. Yi New from Visible, sannan Colors, Invert. Abin da ya fito hoto ne mai fari da baƙi da toka-toka: kayan fari, bango baƙi. Wannan shi ne mayafinka, ka adana kwafinsa. Ɓoye leyar farin bango, ka ɗora mayafin a kan na baƙin da yanayin Divide, shi ma na Legacy, ka sake New from Visible, launin gaskiya ya dawo. Ƙara wa wannan sabuwar leya Layer Mask, ka manna mayafin a ciki, ka ɓoye duk sauran. In ka ga inuwar layi biyu a gefe, wani abu ya motsa tsakanin ɗauka biyun, sai a sake.

Wanda ke aiki da Blender, manhajar zanen 3D, bai buƙaci wannan ba, akwai Transparent a ƙarƙashin Film, hoton zai fito babu bango. Amma ciro samfuri daga fayilolin gem abu ne da kamfanoni da yawa suka hana a sharuɗɗansu, kuma hasken Blender ba na gem ba ne, sai an sha wahala kafin ya yi kama. Ka tambayi masu kula da wikin kafin ka bi ta nan.

Dubawa, girma, da fitarwa

Kafin ka ce ka gama, sa leya a ƙasan kayan ka cika ta da baƙi, ka duba gefuna. Mayar da ita fari, ka sake dubawa. Sannan wani launi mai ƙara, kamar shuɗi-ja mai haske. Fandom na da fuskar dare da ta rana, kuma farin zobe da bai fito a ɗaya ba zai fito ƙarara a ɗayar. In akwai shi, rage mayafin da fiksel ɗaya ko ka bi wurin da ƙaramin baƙin buroshi. A lokacin nan ka tabbata ka kashe saitin kare ido na allonka, mai sa komai ya yi rawaya, kuma kada ka yi aikin a inda rana ke dukan allo. Goge ƙurar allon ma, a lokacin hunturu mutum kan yi ta ƙoƙarin share ɗigon da ba a hoton yake ba.

Launi kuwa, kar ka taɓa. Babu ƙarin haske, babu ƙarin kaifi, babu tacewa. Remini da ire-irensa da ake gyara hoton biki da su ba su da wuri a nan, domin abin da suke yi shi ne ƙirƙiro zanen da suke zaton ya kamata ya kasance. Rubutun jikin bindiga sai ya koma wasu haruffa da babu su a gem. In hoto ya fito da duhu ko a dusashe, koma gem ka sake ɗauka.

Cire leyar gwajin. Yi Crop to Content don a yanke sararin banza, sannan ka faɗaɗa Canvas Size zuwa siffar da wikin ke so, kayan a tsakiya, da ɗan sarari kewaye. In ana buƙatar ragewa, misali zuwa 512 a 512, yi da Scale Image ka zaɓi NoHalo ko LoHalo. Ragewa ake yi, ba a ƙarawa. Hoton fiksel 400 da aka ja zuwa 1000 nauyi kawai ya ƙara. Ka kuma kula da girman kaya a tsakanin 'yan'uwansa: in ƙaramar bindigar hannu ta cika fili kamar doguwar bindiga AWM, jerin zai yi wani iri, sai dai in haka wikin ke yi.

Ajiye aikin a XCF, irin fayil ɗin GIMP, da leyoyinsa, kuma ka riƙa danna ajiyewa kana cikin aiki, tunda wuta ba ta sallama in za ta tafi. Sannan Export As, ka ba shi PNG. JPG ba ya riƙe wayam, zai cika maka bangon da ka sha wahalar cirewa. In fayil ya yi nauyi, Fandom na tsayawa a MB 10, OptiPNG ko oxipng suna rage shi ba tare da sun taɓa ko fiksel ɗaya ba. Shafukan da ke rage nauyi ta hanyar rage yawan launuka sukan bar layi-layi a wurin da launi ke sauyawa a hankali, kamar jikin ƙarfe mai sheƙi.

Suna da ɗorawa

Sunan fayil ya zama sunan kayan daidai yadda gem ya rubuta shi, harafi da harafi, bisa tsarin wikin. Ba IMG_2041 ba, ba laƙabinka ba. MediaWiki, manhajar da waɗannan shafuka ke tafiya a kanta, tana bambanta babban harafi da ƙarami, har .png da .PNG ba ɗaya ba ne a wurinta, kuma sauya sunan fayil bayan an ɗora sai mai izini. Ka duba sau biyu kafin ka danna.

In kayan yana da siga fiye da ɗaya, a faɗa a sunan. Bindigogin PUBG Mobile da ake ɗaga darajarsu suna sauya kama daga mataki zuwa mataki. A Counter-Strike 2 fenti ɗaya yana da matakan tsufa biyar, daga Factory New zuwa Battle-Scarred, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Hoton da bai faɗi matakinsa ba zai iya sa wani ya sayi abin da ba shi ya gani ba.

A akwatin bayani ka rubuta sigar gem ɗin, ranar ɗauka, saitin zane, da wurin da aka ɗauka a cikin gem. Zaɓi alamar haƙƙin mallaka da wikin ya tanada don hotunan wasan, ka sa rukunin da ya dace. Babu sa hannu a jikin hoto, tarihin fayil yana riƙe sunan wanda ya ɗora. In hoton na cikin fili ne da ba a cire wa bango ba, ka tabbata sunanka na gem da lambar akawun da sunayen abokan wasa ba su fito ba.

Idan akwai tsohon hoto na kayan kuma naka ya fi shi, kar ka buɗe sabon fayil. A shafin tsohon akwai Upload a new version of this file, ka bi ta nan, ka rubuta dalili a taƙaice, duk shafukan da ke amfani da shi za su sauya da kansu. Wani lokaci tsohon zai ci gaba da bayyana na ɗan lokaci saboda ajiyar burauza da ta shafin. Ƙara ?action=purge a ƙarshen adireshin, ko ka jira zuwa gobe, maimakon ka yi ta sake ɗorawa. Bayan kowane babban sabuntawa na gem kuma ka leƙa kayan da ka yi, domin kamfanoni kan gyara zane ko hasken zaure ba tare da sanarwa ba. In ya sauya, takardar saitin nan da fayil ɗin XCF suna nan, ka sake ɗauka a tsayuwa ɗaya ka ɗora a kan na da.